KATANTANWAR TEKU DA TA ZAMA DUTSE: YADDA AKA GANO SUNANTA DA DANGINTA

A cikin duwatsun da aka gina Pari da su, babban birnin ƙasar Faransa, akwai wata halitta wadda ta girmi birnin, ta kuma girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Katantanwa ce ta teku, doguwa mai tsini, tsawonta ya kan kai santimetir 40 zuwa 60, watau kamu guda ko fiye. Dabbar da ta ke zaune cikinta ta ƙare daga duniya, ba sauran ko ɗaya mai rai. Gidanta kaɗai ya rage, wani cikin rairayi, wani cikin dutse. Masana sun ƙiyasta shekarunta wajen miliyan 45. Miliyan ɗaya kuwa zambar dubu ne, dubu har sau dubu ke nan.

Sunanta a littattafan masana Campanile giganteum. Ba nan take ta samu wannan suna ba. Shekara 80 ta yi tana amsa wani suna dabam, sa'an nan aka ƙara wajen shekara 100 kafin a raba ta da dangin da aka liƙa mata tun farko. Labarin ya cancanci a san shi, domin yana nuna yadda a ke karanta ɓawon da ba ya magana, da irin taka-tsantsan da a ke yi kafin a ce wane ɗan gidan wane ne.

DODON KOƊI NA TUDU DA NA TEKU

Duk wanda ya zauna bakin tabki ko fadama da damina ya san dodon koɗi, ya kuma san katantanwar da ya ke ja bisa bayansa. Wannan dabba tana da ƴan'uwa dubbai, kuma mafi yawansu a teku su ke. Ko wuri, wanda kakanni suka yi ciniki da shi a kasuwannin Katsina da Damagaram kafin zuwan kuɗin Nasara, gidan wani dodon koɗi ne na teku, wanda a ke kawowa tun daga tsibiran Maldif.

Dodon koɗi ba shi da ƙashi ko ɗaya. Jikinsa nama ne mai taushi: kai, da ƙafa guda mai faɗi wadda ya ke rarrafe da ita, da kayan ciki waɗanda su ke naɗe cikin ɓawo. Akwai wani mayafin nama da ya lulluɓe kayan cikin, shi ne magini. Shi ya ke tatso sinadarin farar ƙasa daga ruwa da abinci, ya riƙa shimfiɗa shi a gefen bakin katantanwar kaɗan-kaɗan. Ashe ginin tamkar saƙar faifai ne: daga cibiya a ke farawa, a yi ta zagaye, kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi. Tsinin katantanwa shi ne ɗakin da dabbar ta zauna tun tana jaririya, bakin kuwa shi ne aikinta na ƙarshe kafin ta mutu. Saboda haka wanda ya bi katantanwa daga tsini zuwa baki ya bi rayuwar mai ita daga haihuwa zuwa mutuwa.

SIFFARTA

In aka kafa Campanile giganteum tsaye, tsini a sama, sai ta yi kama da hasumiya, ƙasa da faɗi, sama da tsini. Daga nan ne ma sunan ya fito, domin campanile a harshen Italiya hasumiyar ƙararrawa ce, giganteum kuwa a harshen Latin ƙato ne. Zagayenta ya wuce 20, kowane bisa ɗan'uwansa kamar hawan bene. Layin da ya raba hawa da hawa masana suna kiransa ɗinki. In mutum ya riƙe ta tsini a sama, bakin yana fuskantarsa, bakin ya kan faɗo ta hannun dama, kamar yadda ya ke ga mafi yawan dodon koɗi.

Adon jikinta yana sakewa bisa ga shekarunta. A ƙananan hawa na wajen tsini akwai siraran igiyoyi masu ƴan ƙwayoyi, jere kamar tsakiya a zare, suna bin zagaye. Da ta fara girma sai jeren da ya ke kusa da ɗinkin sama ya rinjayi sauran, ƙwayoyinsa su kumbura su zama manyan ƙullutai masu dakushin kai, sauran igiyoyin kuwa su dushe. Wannan sauyi yana da haɗari ga mai bincike, domin guntun tsini da guntun gindi na dabba ɗaya su kan yi kamar na dabbobi biyu. Shi ya sa masana ba su son yanke hukunci bisa ga guntu guda.

Bakin katantanwar yana da leɓe na waje, wanda ya kan buɗe ya yi faɗi ga wadda ta manyanta. Da wuya a samu wannan leɓe lafiya, domin shi ya ke fara karyewa. A ƙasan bakin akwai wani ɗan gajeren indararo a karkace, ta nan ruwa ya ke shiga ya isa inda dabbar ta ke numfashi.

Alamar da ta fi muhimmanci kuwa a ɓoye ta ke. Tsakiyar kowace katantanwa akwai ginshiƙi wanda zagayen ya ke naɗewa a jikinsa, daga tsini har baki, kuma a jikinsa ne tsokar da dabbar ta ke janye kanta ciki da ita ta ke manne. Ginshiƙin Campanile giganteum yana da tudu biyu masu bin sa a murɗe, kamar igiya biyu da aka naɗa wa turke. Ba a ganinsu sosai sai an tsaga katantanwar biyu, ko kuma an samu wadda ta karye.

Har wahalar rayuwa ta bar tabo. Tsofaffi da yawa gefensu ɗaya ya goge ya yi sumul, domin ɓawon ya fi ƙarfin ɗauka, jan sa dabbar ta ke yi bisa rairayin ƙarƙashin ruwa. A jikin waɗansu kuma a kan ga ƙananan ramuka da waɗansu ƴan halittu suka huda, da kumba da ta manne ta yi gida.

ƁAWO DA ZUBI

Iri biyu a ke samun wannan katantanwa a ƙasar Faransa, kuma bambancin daga ƙasar da ta rufe ta ne. A yankin Shampan, gabas da Pari, wajen ƙauyukan Damery da Fleury-la-Rivière, rairayi ne mai laushi ya binne ta, don haka ɓawon kansa ya tsira, da ƙullutansa da igiyoyinsa, sai ka ce bara ta mutu. A Fleury-la-Rivière wani manomin inabi ya haƙa hanyoyi ƙarƙashin tudu, ya bar katantanwar a inda ya tarar da ita, kwance cikin bango, har wurin ya zama gidan kallo wanda ɗalibai da masana su ke ziyarta.

A ƙarƙashin Pari kuwa dutsen farar ƙasa ne mai tauri. A nan laka ta shiga cikin katantanwar ta cika ta, ta daskare ta zama dutse, sa'an nan ruwan da ya ke ratsa dutsen ya narkar da ɓawon sannu a hankali. Abin da ya rage shi ne surar cikin, kamar yadda masu zubin tukunya su ke samun surar abin da suka danna cikin ƙasa. Wannan zubi murɗaɗɗe ne, ba ado a jikinsa, amma tudun nan biyu na ginshiƙi sun bar masa kwari biyu, da su a ke shaida shi. Masu haƙar dutse na dauri sun san shi tun kafin masana su raɗa masa suna. Har sun kira shimfiɗar da a ke samunsa da sunan wani ƙarfe mai murɗi wanda a ke ɗaga kaya mai nauyi da shi, don sun ga ya yi kama da shi.

Daga irin wannan dutse aka gina manyan gine-ginen birnin, har da majami'ar Notre-Dame wadda aka aza harsashinta a shekara ta 1163. A shekara ta 1883 wani masanin duwatsu, Albert de Lapparent, ya raɗa wa zamanin da dutsen ya kwanta suna Lutesiyan, daga Lutesiya, tsohon sunan Pari na zamanin Rumawa. Zamanin ya kama daga wajen shekara miliyan 48 zuwa miliyan 41 da suka wuce, kuma yanki ne na wani babban zamani da a ke kira Eyosen.

RAJISTAR HALITTU

Ma'aikacin da ya ke riƙe da littafin ƙidaya ya san suna kaɗai ba ya isa. Sai an faɗi sunan uba, da gari, da gunduma, da jiha, kafin a tabbata wane Abdu a ke nufi. Haka masana suka tsara wa halittu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl von Linné, shi ya daidaita ƙa'idar, kuma daga littafinsa na shekara ta 1758 a ke fara lissafin sunayen dabbobi. Kowace halitta tana da suna biyu cikin harshen Latin, na farko sunan gida, na biyu sunan kanta. An zaɓi Latin ne domin masanin Japan da na Masar da na Nijar su kira abu ɗaya da suna ɗaya.

Ga matsayin wannan katantanwa, daga babban rukuni zuwa ƙarami. Tana cikin dabbobi. Cikin dabbobi tana rukunin Mollusca, masu taushin jiki marasa ƙashi, tare da kumba. Cikinsu tana ajin Gastropoda, watau dukan dodon koɗi na tudu da na ruwa. Ma'anar kalmar masu ƙafa a ciki, domin kamar bisa cikinsu su ke tafiya. Daga nan sai babban reshe Caenogastropoda, wanda wuri ma yana cikinsa. Sai babban dangi Campaniloidea, sai dangi Campanilidae, sai gida Campanile, sa'an nan ita kanta, giganteum.

A rubutun masana a kan ga sunan haka: Campanile giganteum (Lamarck, 1804). Sunan mutum da shekara suna nuna wanda ya fara bayyana ta da lokacin da ya yi. Baka biyun da suka kewaye su kuwa ba ado ba ne. Ƙa'ida ce mai nufin cewa an fitar da halittar daga gidan da mai raɗa suna ya sa ta, an mai da ta wani gida.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Jean-Baptiste de Lamarck, wanda ya rayu daga 1744 zuwa 1829, malami ne a gidan adana tarihin halittu na Pari, kuma tun 1793 aka ɗora masa kula da dabbobi marasa ƙashin baya. Daga 1802 ya shiga bayyana katantanwa da kumba na dauri da a ke tonowa kewayen birnin, musamman a wani wuri mai suna Grignon inda aka samu iri ɗaruruwa. A 1804 ya iso kan wannan ƙatuwa. Ya ga doguwa ce mai tsini, mai ƙullutai, mai indararo a baki, daidai da waɗansu ƙananan dodon koɗi da su ke cike da bakin teku har yau, waɗanda a ke kira Cerithium. Sai ya kira ta Cerithium giganteum, watau ƙatuwar gidan Cerithium. Bisa ga abin da ya ke gabansa hukuncin ba shi da laifi.

Da aka ƙara tono waɗansu masu kama da ita a ƙasashe dabam-dabam, aka tsattsaga su, aka dubi ginshiƙinsu da leɓensu da yadda adonsu ya ke sakewa, sai aka ga sun yi tarayya cikin alamun da sauran ƴan gidan ba su da su. A 1884 Emile Bayle ya ware masu gida nasu, Campanile. A 1904 Henri Douvillé ya ɗaga su zuwa dangi mai zaman kansa. Duk da haka an ci gaba da lissafa su cikin babban dangi ɗaya da Cerithium, tamkar ƴaƴan wa da ƙane.

Abin da ya warware maganar daga wata duniya ya fito. A gaɓar kudu maso yammacin Ostareliya akwai wani dodon koɗi mai rai, yana zaune cikin rairayi a ruwa marar zurfi. Ɓawonsa dogo ne, fari kamar alli, kusan sumul, tsawonsa ba ya kai santimetir 25. Waɗansu masana biyu na Faransa, Quoy da Gaimard, sun bayyana shi a 1834, su ma cikin gidan Cerithium suka sa shi. A 1917 Tom Iredale ya ba shi sunan da ya ke amsawa yau, Campanile symbolicum. Shi kaɗai ya rage da rai a duk gidan.

Wanda ya ke da rai yana da abin da dutse ba ya adanawa, watau nama. A 1981 Richard Houbrick, na gidan adana tarihin halittu na Washinton a Amurka, ya buga sakamakon fiɗar da ya yi wa wannan dabba. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun tarar gaɓar da ta ke sansana ruwa da ita, da tsarin ƙwanta, da surar ƙwayoyin haihuwa na namiji, duk sun saɓa da na Cerithium. Kafin ƙarshen shekarun 1980 aka fitar da Campanile daga wancan babban dangi, aka ba shi nasa. Dogon ɓawo mai tsini sura ce da zuriyoyi dabam-dabam suka ɗauka saboda irin zama ɗaya da su ke yi bisa rairayi da laka, kamar yadda Bahaushe da Ba'abzine su kan naɗa rawani iri ɗaya saboda rana ɗaya ta ke dukansu.

Abin mamaki bai tsaya nan ba. Akwai wani dangi mai suna Ampullinidae, masu ɓawo kewayayye kamar tulu, waɗanda su ma suna da yawa cikin duwatsun Pari. An daɗe ana haɗa su da waɗansu masu irin surarsu, mafarauta masu huda kumba su cinye naman. Su ma iri ɗaya ya rage masu da rai, a tekun Filifin. Da aka bincike shi sai aka tarar ciyawar ruwa ya ke ci, kuma jikinsa ya nuna ɗan'uwan Campanile ne. Yau tulu da hasumiya suna cikin babban dangi ɗaya, Cerithium kuwa, mai kama da hasumiyar, yana waje.

ABIN DA ƁAWO YA RUBUTA

Amfanin wannan katantanwa bai tsaya ga suna ba. Tun da a ke gina ɓawo kaɗan-kaɗan daga ruwan da dabbar ta ke ciki, kowane layi yana riƙe da shaidar ranar da aka yi shi. Sinadarin oksijan da ya ke cikin ɓawon iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi, kuma yawan kowanne yana bin zafin ruwa: in ruwa ya yi sanyi mai nauyin ya ƙaru, in ya yi zafi ya ragu. In aka kankare garin ɓawo daki-daki daga tsini zuwa baki aka auna, sai a ga awon yana hawa yana sauka. Kowane hawa da sauka shekara guda ce.

A 2020 Niels de Winter da abokan aikinsa, daga jami'o'in Beljik, suka buga irin wannan awo da suka yi wa katantanwar Fleury-la-Rivière. Sun tarar ta kan ƙara fiye da santimetir 60 a shekara in an bi zagayen, saurin da da wuya a samu irinsa cikin dodon koɗi. Sun kuma tarar zafin ruwan yana tashi daga wajen digiri 21 lokacin sanyi zuwa wajen 32 lokacin zafi. Ke nan inda yau a ke fama da ƙanƙara, a wancan zamani teku ne mai ɗumi irin na ƙasashen zafi.

Dalilin ɗumin sananne ne. A zamanin Eyosen iskar karbon da ta ke riƙe zafin rana ta fi ta yau yawa ƙwarai, kuma babu manyan tsaunukan ƙanƙara a ƙarshen duniya na arewa da na kudu. Ita wannan iska ce ta ke ƙaruwa yanzu saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur. Masu lissafin yadda yanayi zai kasance nan gaba suna gwada lissafinsu da irin wannan shaida ta dauri, domin wanda ya kasa faɗin abin da ya riga ya faru ba a amince masa kan abin da zai zo. Manomin Sahel da ya ke zuba ido ga hadari yana da rabo cikin wannan aiki, ko da bai taɓa ganin teku ba.

YADDA GIDAN YA WATSE

A zamanin ƙarfinsa gidan Campanile ya bazu cikin wani babban teku mai ɗumi da masana su ke kira Tetis, wanda ya raba Afirka da Turai da Asiya. An samu ƴan gidan a Faransa da Ingila da Italiya, har zuwa ƙasashen Asiya da tsibiran Amurka. Kiwo su ke yi, suna kankarar gansakuka da ciyawar ruwa da harshensu mai ƙananan haƙora kamar magagari.

Daga baya duniya ta shiga hucewa. Wajen shekara miliyan 34 da suka wuce ƙanƙara ta rufe ƙarshen duniya na kudu. Afirka da Indiya kuma suna matsawa arewa, suna matse Tetis, har ya tsinke ya bar Bahar Rum. Tekuna marasa zurfi masu ɗumi suka ragu, ƴan gidan suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Houbrick ya kawo wani dalili na ƙari a matsayin zato: waɗansu manyan dodon koɗi na dangin Strombidae, masu cin irin abincinsu, sun yawaita a daidai lokacin, mai yiwuwa sun ƙwace masu makiyaya.

TEKUN DA YA RATSA ADAR

Wannan teku na Tetis ya taɓa miƙo hannu har cikin ƙasar Nijar. Tsakanin wajen shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ruwansa ya sha malalowa ta Sahara yana janyewa, ya cika babban kwarin da masana su ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa yammacin Nijar da gabashin Mali da ƙasar Sakkwato. Shaidarsa tana nan a tsaunukan Adar, wajen Tamaske da Keita da Buza da Madawa: farin dutse mai ɗauke da kumba, da bushiyar teku, da zubin dodon koɗi, wanda ya samu ta hanya ɗaya da na ƙarƙashin Pari. Dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ta ke ƙonawa, da wanda a ke ƙonawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, a ƙarƙashin wannan teku ya kwanta.

A nan ma kama ta taɓa ruɗin masana. A farkon mulkin Nasara wani hafsan soja, kyaftin Gaden, ya tsinci irin waɗannan duwatsu a Tamaske, aka kai su Pari. Albert de Lapparent, shi dai wanda ya raɗa sunan Lutesiyan, ya duba su, ya ga sun yi kama da waɗanda ya sani, a 1903 ya ba da sanarwar cewa an samu sawun tekun Lutesiyan a ƙasar Sudan, kamar yadda a ke kiran yankin a lokacin. Maganar teku ta tabbata, maganar zamani kuwa an gyara ta. Binciken da aka yi daga baya shimfiɗa bayan shimfiɗa, wanda ya haɗa da babban aikin Jacques Greigert na 1966 da nazarin ƙananan halittun da sai da madubin ƙara girma a ke ganinsu, ya mai da farin dutsen Adar cikin zamanin Paleyosen, tsakanin shekara miliyan 66 da miliyan 56. Ashe katantanwar Adar ta girmi ƙatuwar Pari da shekaru miliyoyi.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN JAMA'A

Duk gyaran da aka ambata a sama ya yiwu ne saboda abu biyu: an adana abin da aka tsinta, an kuma rubuta inda aka tsince shi. Katantanwar da aka ciro daga dutse ba a san tudun da ta fito ba, ba a san shimfiɗar da ta ke kwance ba, ta zama wasiƙa marar adireshi. Ana iya sha'awarta, amma ba ta iya ba da shaida.

Saboda haka makiyayi, ko mai haƙar rijiya, ko mai fasa dutse da ya ci karo da irin wannan abu, abin da ya fi shi ne ya lura da wurin, ya riƙe sunan tudun ko ƙoramar da ƙauyen da ya fi kusa, da zurfin da ya same shi. Kada ya fasa don ya ga abin da ke ciki, kada kuma ya sayar wa mai wucewa. Ya sanar da malamin lakwal, ko mai gari, ko hukumar da ta fi kusa. Wanda ya yi karatun manya yana da babban matsayi a nan, domin layi uku da zai rubuta a takarda ya ajiye tare da dutsen sun ninka darajarsa.

Su kuma ma'aikata su sani cewa tun 1997 ƙasa tana da dokar kare kayan tarihi da na gado, kuma akwai wuraren da aka tanada don wannan aiki: gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, da sashen ilimin duwatsu na jami'ar Abdu Mumuni. Duk inda a ke fasa dutse don hanya, ko madatsar ruwa, ko siminti, ya kamata a bai wa masana dama su duba kafin injin ya niƙe. Lamarck ya rasu tun 1829, amma katantanwar da aka adana a Pari tun zamaninsa tana nan ana komawa gare ta ana gyara hukunci. Duwatsun Adar sun cancanci a yi masu irin wannan riƙo.